Baƙin Madafi

Litinin, 11 ga Maris, 1968. Magariba.

Jiya aka yi Babbar Sallah. Yau da safe na shiga madafi da itace, na tarar tururuwa ta ja layi tun daga bakin murhu, inda kitsen layya ya zuba, ta bi gindin bango ta wuce bayan randa. Na aje itacen na bi ta da ido. Ni haka nake, ba na iya ganin abu yana tafiya ban san inda za shi ba.

A bayan randa layin ya rabu biyu. Ɗaya ya hau tukunyar soyayyen nama, wannan ba abin mamaki ba ne. Ɗayan ya shige ƙarƙashin ƙofar sito, ɗakin da ke jikin madafi inda dā muke ajiye goro. Kawuna Alhaji Mijinyawa, mai gidan nan, ya sa wa ɗakin kwaɗo tun kafin watan Sallah, ya ce sankara ta shiga goron, kada kowa ya buɗe. To tururuwa ba ruwanta da ruɓaɓɓen goro. Kuma masu fitowa kowace da ƙwayar shinkafa a baki, dafaffiya.

Ina tsugune sai aka turo faranti ta ƙasan ƙofa, inda katako ɗaya ya ɓalle. Hannu ya biyo shi ya koma. Babu ƙaramin yatsa a hannun. Na san shi, na sha ganinsa a kan sitiyari.

Na ɗauki koko na kai wa baƙin Kawu a zaure, fataken da ke zuwa daga Arewa su sauka gidanmu su sayi goro. Na wuni ina ɗaure musu huhu, sau biyu igiya tana kuɓuce mini.

Talata, azahar.

Inna Haulatu, matar Kawu, ta kira ni madafi. Ba ta dube ni ba, miya take juyawa.

"Ladan, tururuwar nan."

"Na gan ta, Inna."

"Ka ga inda take zuwa?"

"Na gani."

Ta daɗe tana juya miyar da ba ta bukatar juyi. Can ta ce, "To ka raba ni da ita. Layin nan ko yaro ya gani ya san akwai abinci a can ciki. Matan maƙwabta suna shigowa ɗibar wuta."

Na ce, "Kawu ya sani?"

Ta ce, "Wa kake tsammani ya kawo shi?"

Duk gidan nan ni aka ga ya dace da wannan aiki.

Laraba, bayan asuba.

Sau ɗaya zan rubuta sunansa. Udoka. Mu Doka direba muke ce masa. Mutumin Gabas ne, amma a Sabon Garin Kano aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa, ni da aka haifa nan Sabo ta Ibadan. Shi yake kai wa Kawu goro Anaca, can Gabas, ya dawo da manja.

Bara waccan, lokacin da rikici ya juya kan mutanenmu 'yan Arewa a can, Kawu da yayana Rabi'u suna Anaca. Motar ta dawo da Kawu kwance ƙarƙashin tamfol. Ta dawo da manja, ko garwa ɗaya ba ta ɓace ba. Ba ta dawo da Rabi'u ba.

Abin da sojoji suke nemansa a kai ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Na dai san tun da aka fara yaƙin basasa ana tare irinsu a shataletalen Mokola, nan kusa da mu, waɗansu su dawo, waɗansu shiru. In aka same shi a nan, ba shi kaɗai za a tafi da shi ba.

Daga yau sunansa na sito.

Alhamis, la'asar.

Na zuba kananzir a kan layin, na zaro ashana. Iya, kakata, tana zaune bakin madafi. Idonta ya tafi amma hancinta yana nan.

"Kai, mijin banza, me za ka ƙona mini?"

"Tururuwa ce, tsohuwa."

"Kul. Ba a kiran sunansu a cikin gida, in sun ji sai su aika a kira sauran dangi. Baƙi ake cewa. Kuma ba a ƙona su, azaba da wuta ta Allah ce shi kaɗai."

Na ce to ta ba su ɗakinta su sauka, tunda baƙi ne.

Ta ce, "Da ka iya saukar baƙi da yanzu ka aje mata. Ga ka nan gardi, kai da kishiya sai ƙwaro."

Na mayar da ashanar aljihu. Iya ba ta san da na sito ba. Har yau in an raba nama takan ce a aje kason Rabi'u.

Asabar, hantsi.

Toka. Na zagaye ƙasan ƙofar da ita. Sun tsaya, sun taru, sun yi shawara, sun hau bango sun shiga ta sama.

Lahadi.

Ruwan zafi. Iya ta ce shi ma wuta ne. Na ce ruwa ne. Ta ce Allah ya san abin da na ɗora shi a kai.

Talata, 19 ga Maris. Azahar.

Zafi kamar a cire fata. Hadari yana haɗuwa ta wajen Agodi ya watse.

Na gane wani abu game da su. In ka goge layin da yatsa, na baya sukan rikice, su yi ta kewaya kamar fataken da mota ta tafi ta bari. Sai ɗaya ta yi ƙarfin hali ta ƙetare, shi ke nan hanya ta dawo. Kisa ba ya rage su. Na kashe abin da ya cika tafin hannu, kafin in wanke hannun wasu sun maye gurbi, har suna ɗauke gawar 'yan'uwansu. Su ba sa barin nasu a baya.

Na ce wa Inna ta rage manja a abincin da take turawa, ta daina sa nama. Ta ce mutum ne, ba akuya ba.

Juma'a, bayan masallaci.

Rediyon Kaduna ta ce sojojin tarayya sun shiga Anaca. Zaure ya kaure da murna. Sammani, maƙwabcinmu da muka haɗa katanga, ɗan kamashon da ya daɗe yana neman janye wa Kawu baƙi, shi ya fi kowa ɗaga murya. Ba wanda ya ambaci Rabi'u. Kawu ya tashi ya shiga ban ɗaki ya daɗe.

Da la'asar Inna tana salla, na tsuguna bakin ƙofar sito da kaskon toka. Ban yi niyyar magana ba.

Na ce, "An ci garinku."

Ya ce, "Na ji. Rediyon zaure tana isowa nan."

"Ina ka bar Rabi'u?"

"Bakin tasha. Ya ce in jira, zai ɗauko wani tsohon malami da ba ya iya gudu. Na tsaya."

"Ka tsaya."

"Har suka fasa gilashin mota. Ladan, na tsaya."

Na ce kada ya ƙara kiran sunana. Na tura tokar ta ƙasan ƙofa da yawa, na hura. Na ji yana danne tari. Na ƙara hurawa.

Asabar.

Ban ci abinci ba. Ba don komai ba, zafi ne.

Litinin, 25 ga Maris. La'asar.

Na daina kisa. Na samo ƙashin layya mai ɓargo na binne shi rabi a gindin katanga, daidai inda ɓera ya huda zuwa gidan Sammani. Na ɗiga romo daga bayan randa har can. Kafin azahar layi ya karkata. Yanzu sukan ci ƙashin su wuce ciki su gaida matan Sammani.

Wannan ne abu na farko da ya ba ni dariya tun Sallah.

Laraba, magariba.

Dabarar ta yi kwana biyu, sai suka raba aiki, rabi can, rabi sito.

Iya kuma ba ta iya magana a hankali, kunnenta ya fara nauyi. Tana zaune tsakar gida tana faɗa da iska: "Baƙin nan na madafi sun hana mu sakat. Ci dare, ci rana, ba sallama ba godiya. Haulatu, ke kike ba su fuska." Katangar da ke tsakaninmu da Sammani ko tsayina ba ta kai ba.

Alhamis, safe, wajen mai shayi.

Sammani ya zauna kusa da ni, ya sa aka ƙara mini burodi. Bai taɓa saya mini ko ƙosai ba.

"Ɗan Alhaji, ashe gidanku ya cika har madafi ake sauke baƙi?"

Na ce, "Tururuwa ce. Haka Iya take kiranta."

"Tururuwa." Ya yi dariya. "Tururuwa mai tari? Ɗakina yana jikin sitonku, ka sani."

Na ci gaba da shan shayina.

Ya rage murya ya ce, "Ni Rabi'u abokina ne. Da ni ne ƙaninsa, da akwai abin da ba zan kwana gida ɗaya da shi ba. Ba sai ka ce komai ba. Akwai wani kofur da nake kai wa goro. Ka ɗaga mini kai kawai."

Ƙarya yake, Rabi'u bai taɓa ƙaunarsa ba. Na dubi kofin shayin har ya huce. Ban ɗaga kai ba, ban kuma girgiza ba. Na bar masa burodinsa.

Tarin ni na jawo shi da tokata. Na sani.

Juma'a, la'asar.

Na faɗa wa Kawu abin da Sammani ya ce. Ya daɗe yana jan carbi. Ya ce akwai wani direba Bayarabe da zai fitar da shi zuwa Ikko cikin ganyen ɗaurin goro, amma sai an sassauta bincike a hanya.

Na ce, "Kawu, don me?"

Ya ce, "Ya ɗauko ni."

Na ce, "Kai ya ɗauko."

Na zaci zai mare ni. Sai ya ciro makullin sito daga aljihu ya sa a tafin hannuna, ya ce in riƙe, ko wani abu zai taso ba ya gida. Ko ya yarda da ni ne, ko so yake ya ɗaure ni, oho.

Lahadi.

Makullin yana da nauyi a aljihu. Ƙaramin abu ne kuwa.

Talata, 2 ga Afrilu.

Toka. Goge layi. Toka. Sammani ya gaishe ni har da tambayar gajiya.

Alhamis, azahar.

Yau na tsaya bakin shataletalen Mokola ina kallon motar soja. Ba abin da ya kai ni. Wani soja ya ce, "Aboki, lafiya?" Na ce lafiya lau. Na sayi barkono wajen wata Bayarabiya don kada in dawo hannu wofi. Inna ta ce wa ya aike ni.

Asabar, 6 ga Afrilu. Bayan isha.

Zan rubuta shi yadda ya faru.

Jiya aka yi ruwan farko na gaske, kwata ta cika. Yau da hantsi Sammani ya shigo zaure da kofur ɗinsa, wani dogo mai tsage a kumatu, da bindiga a kafaɗa, yana irin Hausar bariki. Kawu ya sa aka kawo musu goro. Kofur ya ce an gaya masa akwai baƙon da ba a nuna wa hukuma ba. Kawu ya nuna fatake ya ce ga baƙinsa nan duka, kowa da sunansa da garinsu.

Ina tsaye bakin ƙofar shiga gida, sai na ga kyankyasai suna fitowa da rana ƙiri-ƙiri, da ƙadangaru, har da ɓera ɗaya ya bi ta kan ƙafata. Kaji suka hau kuka. Na san ba tururuwar da na saba da ita ba ce. Kwarkwasa ce, wadda Yarabawa ke ce wa ijalo, mai bin ruwan farko ta cinye duk abin da ke numfashi a kan hanyarta, ko akuya ce a ɗaure.

Kafin in motsa, muryar Iya ta taso daga tsakar gida, har titi sai an ji: "Haulatu, baƙin madafi sun fito. Manyan ne yau, sun cika gida."

Sammani ya miƙe yana cewa, "Ka ji ko? Ka ji da kunnenka?"

Kawu ya tare ƙofa ya ce gidan aure ne, ba a shiga. Kofur ya ture shi da kafaɗa. Inna ta ja mayafi ta faɗa ɗakinta.

Kwarkwasar ta fito ta kwata, faɗinta ya kai tabarma, ja-ja baƙi-baƙi, masu manyan kai a gefe da baki buɗe. Ta ratsa tsakar gida, ta shiga madafi, ta bi hanyar da ƙananan suka share mata, ta dinga kwarara ƙarƙashin ƙofar sito kamar ana zuba gero a buhu. Iya tana kan turmi da ƙafafu a ɗage tana cewa, "Ku taka a hankali, kada ku ɓata musu rai."

Kofur ya ce, "Ina baƙi?"

Iya ta ce, "Wane makaho ne wannan? Ga su nan har sun hau maka takalmi, ni da ba na gani ma ina jin tafiyarsu."

Ya dubi ƙasa, ya dubi Sammani. Sammani ya nuna sito ya ce, "Can ciki. A buɗe can."

Kofur ya ce, "Me yana ciki?"

Kawu ya ce goro ne da ya lalace, makullin ma ya ɓace.

Sai na sa hannu a aljihu na ciro makullin na miƙa wa kofur.

Ban dubi Kawu ba. Har yanzu da nake rubutun nan ban san abin da nake so kofur ya yi ba.

Ya karɓa. Kafin ya kai ga kwaɗon dole ya taka cikinsu, ya taka. Ya kara kunne jikin ƙofa. Ni ma na kasa kunne. Ba abin da ake ji sai wannan ƙaramar ƙara tasu kamar yayyafi a kan busasshen ganye. Ya daɗe a haka, yana neman ramin kwaɗo da makulli, yana saurare. Sai ya daka tsalle. Sun shige masa wando.

Ya jefar da makullin ya fito yana dukan cinyoyinsa. Ya ce, "Da mutum yana cikin wannan ɗaki, da kukansa ya kai Mokola." A zaure, gaban fatake, ya tuɓe takalmi da wando. Da ya gama ya kama Sammani ta wuyan riga ya ce, "Kai ka kawo ni kama tururuwa?" Ya ja shi waje. Na ji marin daga ciki.

Sai da ƙarar takalminsa ta ɓace Kawu ya sakaya ƙofar gida. Ni na tsinci makullin cikin kwarkwasar, ni na buɗe.

Yana tsaye jikin bango, hannuwa a sake, ido a rufe. Ya cusa tsohon ganyen goro ya cika bakinsa don kada sauti ya fita. Daga ƙafa har wuya ba a ganin fata. Suna cikin kunnensa, suna gefen idonsa. Jini yana bin ƙaurinsa siriri-siriri.

Muka jawo shi tsakar gida. Inna ta fito da bokiti, muka yi ta kwara masa ruwa muna goge shi da tsumman kananzir. Kwarkwasa in ta kama ba ta saki, in ka ja sai jikin ya tsinke kan ya zauna a nama. Na zauna na dinga cire kawunan da farce ɗaya bayan ɗaya. Ba don shi ba. Aiki ne, kuma duk gidan ba wanda ya kai ni haƙurin irinsa.

Da aka zare ganyen daga bakinsa ya yi amai, ya ce, "Wayyo Allah," a hankali.

Iya ta juyo da kai. Ta ce, "Wannan muryar Doka ce."



Ta ce, "Doka, ina ka baro mini Rabi'u?"

Ya ja jiki da gwiwa har gaban turmin. Ya ce, "Iya, na tsaya. Wallahi na tsaya."

Ta miƙa hannu ta lalubi fuskarsa, goshi, kumatu, bayan kunne. Ta tsinci wani kai da na bari, ta cire ta yar. Ta daɗe hannunta yana kansa. Sai ta ce, "Haulatu, kawo man kaɗanya."

Litinin, 8 ga Afrilu. Hantsi.

An fitar da shi jiya da asuba cikin ganye. Ko ya isa Ikko, ba labari tukuna.

Madafi fes. Kwarkwasa ta cinye kyankyasai da ƙashin da na binne da tururuwar da ta wahalar da ni, ta fita ta inda ta shigo. Inna ta share tokar duka.

Kawu bai yi mini maganar makulli ba, bai kuma yi mini wata magana ba. Sammani yana yawo da kumburarren kunci, yara suna bin sa suna tambayar lafiyar baƙi. Duk Sabo yanzu an yarda ba kowa a ɗakin, tunda kofur da kansa ya shaida. A bar shi a haka.

Ban yafe ba. Ban ce na yarda ya tsaya a Anaca ba, can ban gani ba. Na ce dai a nan na ga ya tsaya, ana cinsa da rai, soja yana bakin ƙofa da makullin da ni na ba shi, ko tari bai yi ba.

Ba ni kaɗai na gani ba. Kawu Mijinyawa ya gani. Inna Haulatu ta gani. Iya ba ta gani, amma ita ta shafa fuskarsa, ta kuma ce in rubutu nake yi in sa da ita.